FILIN 'YAN KALLO: In Za Ka Bi Ƙungiyarka Zuwa Riyad

Yau 'yan Ittihad da 'yan Ahli kowa ya ajiye makaminsa, domin maganar da za mu yi ta shafi mai rawaya da baƙi, ta kuma shafi mai kore da fari. Maganar bin ƙungiya ce zuwa wasan waje, musamman Riyad.

Duk shekara da zarar jadawalin gasa ya fito, abin da samarinmu na Karantina da Sabil da Hindawiyya da Gulel ke fara dubawa shi ne ranar da za a je gidan Hilal ko gidan Nasr. Ba na ganin laifin kowa. Yaron da ya tashi yana jin labarin yadda Muhammad Nur da abokansa suka je Koriya a 2004, bayan an ci su 3 da 1 a nan Jidda, suka zura wa Seongnam 5 da nema suka dawo da kofin Asiya, ai dole ya ɗauka cewa daɗin ƙwallo yana gidan wasu. Ga kuma sunan Hausawi a bayan riguna: Usama Hausawi shi ya ɗaura kambun kyaftin na Saudiyya a gasar duniya ta 2018, Umar da Mu'utaz Hausawi suna cikin tawagar. Ƙwallon ƙasar nan da guminmu a ciki, don haka babu mai ce mana kada mu je kallo.

To amma a yi lissafi. Daga Jidda zuwa Riyad kilomita wajen 950 ne. Wasa minti 90 ne. In da mota za a je, zuwa da dawowa zai ci kusan awa 20. Duk abin da zai sa uwa ta kwana tana kuka a cikin waɗannan awoyi 20 ɗin yake, da wuya ya zama a cikin minti 90 ɗin.

Mu fara da aljihu, domin nan ne lamarinmu ya sha bamban da na abokanmu da muke zama benci ɗaya da su a makaranta. A cikinmu akwai mai jinsiyya, kakansa ya zo tun zamanin tafiyar ƙasa ta Sudan, katinsa na ɗan ƙasa ne. Akwai mai igama a ƙarƙashin mahaifinsa ko kafili. Akwai wanda igamarsa ta mutu, kuma sun yi yawa tun da aka sa kuɗin iyali a 2017, wanda ya fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum har ya kai 400 a 2020, gidaje da yawa suka kasa sabuntawa. Akwai kuma wanda a nan aka haife shi, bai san ko'ina ba sai nan, amma ba shi da takarda ko ɗaya. Dukkansu huɗun suna iya zama a majalisa ɗaya, suna goyon bayan ƙungiya ɗaya, amma a wurin taftish ba ɗaya suke ba. Cikin unguwa mutum yana iya shekara babu wanda ya tambaye shi komai. Babbar hanya kuwa shingaye gare ta, jirgin sama da bas ba a sayar maka da tikiti sai da lambar kati, hotal da shigga mafrusha su ma sai sun gani.

Don haka maganata ga ɗan'uwan da takardarsa ba ta cika ba, ba zan yi kwana-kwana ba: ka zauna a Jidda. Ka kalla a gahawa tare da mu. Wallahi babu wasan da ya kai a kai ka tarhil na Shumaisi, daga nan a sauke ka a Kano ko Yamai, garin da ba ka taɓa gani ba, da Hausar da rabinta Larabci ne. Kai kuma mai mota, kada kunya ta sa ka ce "yalla shigo, Allah zai rufa asiri". Ma'aikatar cikin gida tana nanata hukuncin duk mako: wanda ya ɗauki mutumin da ya shigo ƙasa ta ɓarauniyar hanya yana iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 15 da tarar da ta kai riyal miliyan 1, a kuma ƙwace motar. Ɗaukar mai matacciyar igama shi ma da nasa hukuncin. Tambayar abokinka "katinka na aiki?" kafin a tashi ba cin fuska ba ne, ka taimake shi ka taimaki kanka.

Wanda nasa ke aiki kuma, ya duba ranar ƙarewarsa tun kafin ya sayi tikiti. Na san akwai hoton katin a Absher kuma ana karɓa, amma waya tana mutuwa, musamman wayar da ta wuni tana ɗaukar bidiyo a mudarraj. Ka riƙe katin kansa a aljihun da ba na waya ba.

Sai tikitin shiga. Yanzu duk ta waya ake saye, kuma kason da ake ware wa baƙi ba shi da yawa, nan da nan yake ƙarewa. Ka bi sanarwar ƙungiyarka don ka san manhajar da ake sayarwa a kai, domin kowane mai gida da tasa. Kada ka bar Jidda babu tikiti a hannu da sunan "in mun je ma samu". Masu sayar da na bayan fage suna iya tura hoton tikiti ɗaya ga mutum goma, wanda ya riga isa ƙofa shi ya shiga, sauran tara su tsaya suna rantse-rantse. Kada kuma ka sayi kujerar ɓangaren masu gida ka ce za ka ɓoye rigarka. Za ka iya ɓoye riga, amma in an zura ƙwallo a minti na 88 ba za ka iya ɓoye bakinka ba.

Kuma don Allah a karanta sunan filin. Yayyenmu da suka saba zuwa filin Sarki Fahad, mai rumfa kamar tanti, su sani an rufe shi domin gyara, shirin gasar kofin Asiya ta 2027. Hilal ta koma Kingdom Arena tun 2024, Nasr tana Al-Awwal Park cikin Jami'ar Sarki Sa'ud, dukkansu kuma ba su kai rabin Jauhara tamu mai cin mutum sama da 60,000 ba. Shi ya sa tikitin ke wuya. Riyad kuma gari ne mai faɗi da cunkoso, kuskuren fili ɗaya zai iya cinye maka rabin lokaci na farko.

Ta ina za a bi? Jirgin ƙasa dai babu. Na Haramain da aka buɗe a 2018 Makka da Jidda da Madina yake yi, bai nufi gabas ba. Jirgin sama bai kai awa 2 ba, kuma tsakanin Saudia da flynas da flyadeal ana tashi kusan kowane lokaci, sai dai kuɗin yana hawa da zarar an tsayar da ranar babban wasa. In ka sauka filin jirgin Sarki Khalid, metro da aka buɗe a Disamba 2024 yana shigar da kai gari, amma ka tambayi lokacin jirgin ƙarshe, kada ka fito daga fili ka tarar an rufe. Abu ɗaya da zan ƙara: kada ka yanki jirgin dawowa mai tashi awa biyu bayan tashi daga wasa. Fita daga fili kaɗai aiki ne, in kuma wasan kofi ne ana iya zuwa ƙarin lokaci da fenariti. Bas, wanda har yau kowa SAPTCO yake ce masa ko na wane kamfani ne, yana cin awa 12 ko fiye, amma yana da wata falala guda da ba a yaba masa: ba kai kake tuƙi ba.

Na san dai duk wannan bayani da nake yi, yawancinku da mota za ku tafi. Mutum biyar, a haɗa kuɗin mai, a sa shela da waƙoƙin rabiɗa, a ɗaura gyale a madubi. To shi ke nan, mu yi maganar mota.

In motar ba da sunanka take ba, ko ta babanka ce ko ta yayanka, a yi maka tafwid ta Absher kafin ka tashi. Lasin, istimara, inshora, duk su kasance da rai, domin in aka yi ko ɗan gogar fenti ne, su Najm za su fara tambaya. Ka kai ta wurin bakanike kwana biyu kafin tafiya, ba safiyar ranar ba: taya, birki, ruwan lagireto, baƙin mai, fitilu. Tayar da ke kai ka Balad ta dawo da kai lafiya ba lalle ta jure awa 9 a kan kwalta mai zafi ba. A buɗe but a tabbata safaya tana da iska, jak yana nan. A sa katan ɗin ruwa.

Fita daga Jidda akwai zaɓi. Ko ka bi ta Makka ka hau dutsen Hada zuwa Ɗa'if, ko ka bi ta Sail wadda ta fi sauƙin hawa. Hada kyakkyawa ce, ga birai a gefen hanya, amma kwana-kwana ce a bakin rami, kuma in hazo ya sauko ko aka yi ruwa akan rufe ta. Sabon direba ya bi Sail kawai. Ga wani abu kuma da ya shafi masu igama: a shekarun nan ƙarshen kakar wasa yana haɗuwa da shirin Hajji, lokacin da ake hana wanda ba shi da tasrihi shiga Makka. A 2025 tun cikin Afrilu aka fara. In wasanku ya faɗo a irin wannan lokaci, sai ku kewaye, ko ta hanyar da ake ce wa ɗarigul khawajat, ko ta Jumum ku ɓulla Sail. Kada ku je Shumaisi kuna yi wa askar bayanin cewa wucewa kawai za ku yi.

Bayan Ɗa'if sai miƙaƙƙiyar hanya: Muwaih, Zalim, Guwai'iyya, Muzahimiyya, sannan Riyad. A wasu sassanta an yarda ƙaramar mota ta yi 140 tun 2018, kuma kyamarorin Sahir suna nan suna jiran wanda ya ƙara. Ba gudu kaɗai suke kamawa ba, har rashin ɗaura bel da riƙe waya. Kada ka bar tanki ya sauka ƙasa da rabi kana cewa sai mahaɗɗa ta gaba, domin akwai wuraren da ta gaban tana da nisa. A tsaya a yi sallah a miƙe ƙafa, matafiyi Allah ya sauƙaƙa masa da ƙasaru da haɗawa, babu dalilin a bar ta. Hanyar gaba ɗaya cikin yankin Makka da yankin Riyad take, kuma 911 yana aiki a dukkansu. Motar asibiti ta Hilal Ahmar 997.

Ɗan Jidda kuma bai san sanyi ba, wannan kowa ya sani. Mu da muke sa jaket in an yi digiri 20! Riyad a Disamba da Janairu da dare tana iya sauka ƙasa da digiri 5, ga busasshiyar iska mai fasa leɓe. Ka tafi da rigar sanyi ta gaske da hula da safa. Da zafi kuma nata zafin busasshe ne, ba ka jin gumi kamar na nan, sai dai ka ji kai ya fara sarawa. Ka yi ta shan ruwa ko ba ka jin ƙishi.

A filin, ka isa da wuri, ka nemi ƙofar baƙi, ka ajiye mota inda 'yan'uwanka suka ajiye, ka kuma ɗauki hoton wurin. Gyale da tuta a bar su cikin jaka har sai an shiga. Gaskiya filayen ƙasar nan ba irin na wasu ƙasashe ba ne da ake fasa kai da kwalba a titi, akasari tsokana ce da ba'a, kuma za ka ga ɗan Hilal ya nuna maka hanya har ya ce ka zo ka sha gahawa. Amma a kowane taro akwai mara hankali. Kun tuna wasan ƙarshe na Super a Abu Dhabi a Afrilu 2024, bayan Hilal ta ci Ittihad 4 da 1, da Hamdallah ya watsa wa wani ɗan kallo ruwa shi kuma ya zaro bulala ya tsula masa? Daƙiƙa nawa abin ya ɗauka? Duniya duka ta gani. Jefa gora, kunna shamarikh, tsallaka shinge, duk kyamara tana kallo, kuma tikitin nan da lambar wayarka aka saye shi. Ɗan ƙasa in ya yi, tara ce ko hana shiga fili ko 'yan kwanaki a tsare. Mai igama kuwa yana iya haɗawa da barin ƙasa. Laifi ɗaya, farashi biyu.

Akwai kuma maganar da ba mu cika son yi a fili ba. Wata rana, a wani wuri, wani zai dubi fatarka ya jefo maka kalmar nan. Kun san su, ba sai na rubuta ba, mun ji su tun a firamare. Jini zai hau maka kai, kuma kana da gaskiya. Amma kana garin da ba ka da kawu, ba ka da umda, ba ka da wanda zai zo ofishin shurɗa da tsakar dare ya tsaya maka. In ka ɗaga hannu, labari ya tashi daga abin da ya faɗa ya koma abin da ka yi. Ka nuna shi ga masu tsaron fili, nuna wariya laifi ne da ake hukuntawa, abokanka su zama shaidu. Ku kuma abokai, aikinku a wannan lokaci shi ne ku riƙe naku, ba ku zuga shi ba. Haka nan a kula da waya: ɗaukar fuskar mutum a watsa da zagi yana ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2007, wadda ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 1 da tarar da ta kai riyal 500,000. Ko kai aka zalunta, ka kai bidiyon ga hukuma, kada ka kai shi Snapchat.

'Yan'uwana mata, ban manta da ku ba. Tun ranar 12 ga Janairu 2018, da aka fara buɗe muku ƙofa a Jauhara a wasan Ahli da Baɗin, wasunku sun fi mu sanin jadawali. Shawarata gare ku jirgin sama da kwana a hotal da aka kama tun daga nan, a tafi a ƙungiya, kuma a gida a san inda kuke. Bayan wasa kada a shiga motar kaddad da ke kiran "maɗar, maɗar" a bakin titi, a kira ta manhaja wadda ke nuna sunan direba da lambar mota. Wannan har maza.

Yanzu ga inda nake so kowa ya buɗe kunne, wato dawowa.

Ku duba yadda abin ke faruwa. An tashi daga Jidda bayan asuba, ko ma tun dare, kuma daren babu wanda ya yi barcin kirki saboda ɗoki. An yi awa 10 a hanya. An yi awa 4 a tsaye ana tsalle ana ihu har murya ta dishe. An tashi wasa wajen 11 na dare, in da azumi ne ma ya wuce haka. An ci kabsa an ƙoshi. Ƙarfe 1 ta yi. Sai wani ya ce, "Ya shabab, ina da dawam gobe, mu kama hanya kawai, ni zan ja." Kowa ya ce to, domin babu mai son biyan kuɗin ɗaki. Kafin a wuce Muzahimiyya mutum huɗu sun yi barci, an bar mutum ɗaya da sitiyari da duhu da hanyar da ba ta da kwana ko ɗaya da za ta farkar da shi. Wajen ƙarfe 4 zuwa 5, lokacin da jikin ɗan Adam ya fi neman barci, yana tsakiyar sahara. Ba ya ma sanin ya rufe ido. A gudun 140, mota tana cin kusan mita 39 a daƙiƙa ɗaya. Rufe ido na daƙiƙa 3 ya fi tsawon filin ƙwallon da kuka baro. Ga manyan tireloli da suka fi yawa da dare, ga raƙumi wanda in ya sami inda waya ta yanke ya hau kwalta ba ka ganinsa sai ka zo kansa, kuma tsayinsa ya sa jikinsa ta gilashi yake shigowa.

Shayi da gahawa da abin sha na gwangwani ba sa biyan bashin barci, jinkirta shi kawai suke yi ya zo gaba ɗaya. Buɗe taga da ƙara sautin rediyo duk mun gwada, minti goma suke yi. In an ci wasa, murna tana sa a taka mota. In an sha kashi, haushi yana sa a taka ta. Duka biyun direba ɗaya suke samarwa.

Maganin ba shi da tsada: a kwana. Shigga mafrusha ɗaya in mutum biyar suka raba kuɗinta, kason kowa ba wani abu ba ne a kan abin da aka riga aka kashe, kuma a sa shi cikin lissafi tun daga Jidda kamar kuɗin mai, yadda babu wanda zai zo da tsakar dare ya ce aljihunsa ya bushe. Wa ma ya rasa ɗan'uwa a Riyad? Ka kira ɗan gwaggonka tun ana saura mako, ka kai masa tsaraba. Da can Albaik ake riƙo musu daga nan har ya huce a hanya, yanzu da suka samu nasu sai ka nemi wani abin. Mai dawam da safe kuma, tun farko shi ɗan jirgin sama ne, ko ya nemi hutun ranar, ko ya haƙura. Kada aikin mutum ɗaya ya jawo mutum biyar cikin dare.

In kuwa ta kama dole sai an taso, to a sami direba biyu ko uku masu lasin, kuma wanda zai fara ja ya zama ya yi barci da rana a Riyad ko da zai rasa shiga da wuri. A riƙa canji duk awa 2. Wanda ke kujerar gaba ba fasinja ba ne, ɗan gadi ne, haramun ne ya runtsa. Na baya su ɗaura bel, domin su ne ake tsinta a waje in mota ta juya. Da direba ya yi hamma biyu a jere, ko ya ga ya wuce allo bai tuna abin da aka rubuta ba, a shiga mahaɗɗa ta farko a kashe mota a kwanta, ba a kafaɗar hanya ba inda tirela za ta iya bi ta kanku. Kuma a tura wa wani a gida inda ake ta waya, a gaya wa Hajiya gaskiyar lokacin da za a iso. Yawancin gudun da ake yi a Zalim saboda ƙaryar da aka yi a Riyad ne, an ce mata "mun kusa".

Duk wannan ya shafi sauran tafiye-tafiyen ma. 'Yan Ahli da suka bi ƙungiyarsu ƙananan garuruwa a kakar 2022 zuwa 2023, lokacin da ta faɗa rukuni na biyu, sun san hanyoyin da ba su kai ta Riyad kyau ba, kuma haƙurinsu ya biya tun da sun ɗaga kofin Asiya a Jauhara a Mayu 2025. Abha da Khamis Mushaiɗ hawan dutse ne da hazo, Buraida da Dammam nisa ne. In kuma wasan a wajen ƙasa ne, ko Dubai ko Doha, mai igama ya tuna da bizar khuruj wa auda da kuma bizar ƙasar da za shi, kuma fasfonsa na Najeriya ko Nijar ya zama da sauran rai, domin sabunta shi ba aikin kwana biyu ba ne.

Wanda ya kwana ya taso da safe zai iso Ɗa'if wajen la'asar, ya sauko dutsen da sauran haske. In ta Sail ya biyo, ga miƙatin Ƙarnul Manazil nan a kan hanya, mai niyya sai ya sa harami cikin jaka tun daga gida ya yi umararsa kafin ya ƙarasa Jidda. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu, wassalam.